Neman Asalin Hannatu

Fita daga Doha

Kiran assalatu bai same mu a gida ba. Ɗana Sani ya fito da mota daga unguwarmu Aziziya gari da sauran duhu, a filin jirgi muka yi asuba. Shi ke rubuta muku wannan, ni ina faɗa, don ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba.

Kun san dalilin tafiyar. Jikana Nuru, likitan nan, ya ga wata Baturiya ma'aikaciyar jinya a wurin aikinsu. Hana suke ce mata, ni na mai da ita Hannatu. Ubansa ya ce abin da Inna ta yanke shi ke nan. Na ce a gidanmu ba a kai goro sai an binciki asali, ko da garin yana bayan teku.

Nuru ya rako mu yana ta murza hannu. "Inna, in kika ce a'a fa?"

"To khalas, in ji Larabawan nan, shi ke nan. Sai ka ci gaba da zama da ni, angon ƙarya."

Bai yi dariya ba.

Landan

Mun sauka bayan azahar. Ma'aikacin da ke duba fasfo ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce Sani ya gaya masa bincike na zo. Sani ya ce masa ziyara. Jirgin ƙasa ya ɗauke mu, daga nan wata ƙaramar bas da ba ta shiga ƙauyen sai sau biyu a yini. Direban ya ɗora mini jaka da kansa, ya ce rabonsa da ɗaukar baƙo zuwa can har ya manta.

Ƙauyen

Sunansa ya fi ƙarfin harshena. Hanya guda ce ta ratsa shi, gidajen dutse hagu da dama, wasu da jinka irin tamu, amma an ce a can sai mai hali ke iya ta. A tsakiya fili ne kore shar da tafki, agwagi na yawo ba mai kora. Ga rijiya an rufe bakinta da ƙarfe, ga wani dutse da aka sassaƙa sunayen samarin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Sani ya karanta, biyu daga gidan su Hannatu ne.

Kakarta, Magi, ita ta sauke mu. Tsohuwa ce 'yar siririya, ido kamar na shaho. Ta ba mu kifi da dankali, ba gishiri ba yaji, Allah ya sa na zo da nawa. Ta zaga da mu cocinsu mai doguwar hasumiya, ta nuna kaburburan kakanninta a jere, wasu har rubutun ya shafe. Ta ce a da garin tumaki ne, ulu suke kaiwa birni. Yanzu makaranta ta rufe, kanti ɗaya ya rage, yara duk sun watse. Sai na tuna ƙauyenmu, inda tsofaffi ke gadin ɗakunan da ba kowa. Tausayi ya kama ni.

Amma kabari ba ya ba da shaida, mai gida kuma ba ya kushe gidansa.

Gidan maƙwabciya

Washegari na ce wa Sani, "Tambaye ta, da wa ba ta shiri a garin nan?"

"Haba Inna! Nan ba a haka."

"A ko'ina ana haka. Masoyi zai rufa maka asiri, wanda ba ya yi da kai shi zai faɗi gaskiya."

Sani ya fassara, Magi ta ɗaure fuska, ta nuna gidan da ke jikin nata. Wata Dorati ce. Bishiyar tuffa ce ta tsiro a kan iyakarsu, kowacce ta ce tata ce, tun suna da ƙarfi ba sa ga-maciji.

Na ɗauki turaren tsaraba, Sani na biye, na buga ƙofa. Dorati ta zuba shayi, ta buɗe baki. Ta ce Magi mai taurin kai ce, mai rowa ce, bakinta reza. Haka uwarta take, haka kakarta. Na tuna fuskar Nuru a filin jirgi. Sani yana fassara yana rage murya, na ce ya faɗa duka.

"Yarinyar fa?" na ce.

Ta juya cokali a kofi. Ta ce lokacin da mijinta ya kwanta ciwon ajali, Hannatu ce ke shigowa ta ƙofar baya, ta juya shi, ta wanke shi, har ya cika. Kuma ba ta taɓa zuwa hannu sake ba, kullum da tukunyar miya.

"Wa ke dafa miyar?"

"Wa kuwa? Waccan mai bakin. Ta ɗauka ban san hannunta ba." Ta goge ido. "Kada ku gaya mata na faɗa."

Na ajiye kofi. Gaba daban, haƙƙin maƙwabtaka daban. Gidan da ya san wannan ya san Allah yana gani.

Da za mu tafi Dorati ta miƙo mini kwalbar tuffa da ta dafa da sukari, ta ce daga bishiyarta. A bakin bas Magi ta miƙo tata, ta ce daga bishiyarta. Na karɓe duka biyun, ban raba musu gardama ba.

Dawowa

Zafin Doha ya tarbe mu tun daga ƙofar jirgi. Nuru na tsaye, ya rame kamar ya yi jinya. Muka wuce gida Aziziya. Sai da na yi salla, na miƙe ƙafa, na ɗora masa kwalaben biyu a cinya.

"Dangin matarka 'yan rigima ne," na ce. "Za su dace da mu. A nemo goro."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa tsofaffin nan biyu. Allah ya sa su gaisa kafin bishiyar ta riga su faɗuwa.