Daminar da Zami Ta Yi wa Uwarta Ƙarya

Lalbiakzami ne sunanta a takarda, amma a unguwarsu da ke gangaren yammacin birnin Aizawl mai tuddai ba mai kiranta sai da Zami. Shekararta arba'in da huɗu, ba ta taɓa aure ba, kuma ta daɗe tana buga wasiƙu a wani ofishi mai kula da takardun 'yan fansho. Ita da mahaifiyarta, Pi Thangi (a can Pi ake sakaya sunan babbar mace da shi, Pu kuma na namiji), suke zaune a gidan katakon da marigayi babanta ya kafa kan ginshiƙai a jikin tudu. Daga titi zuwa ƙofarsu matakala sittin da uku ake gangarawa. Zami kan hau su kullum da safe, takalmin ofis a hannu. Pi Thangi kuwa, tun da gwiwoyinta suka ƙi, sai ran Lahadi take ganin titi, in mazan coci sun ɗauko ta a kujera.

Rayuwar Zami ba ta da kwana-kwana. Da asuba ta ɗora shinkafa, ta ɗebi cikin hannu guda ta zuba a gwangwanin coci kamar yadda kowace mace a ikilisiyarsu take yi, ta ba aladensu abinci, su karya ita da uwarta, sannan ta nemi tasi. Ran Talata da yamma zumuntar mata, ran Asabar koyon waƙa, Lahadi kuma sujada. A ofis teburinta yana manne da na aminiyarta Sangi, mace mai jiki da dariya, wadda bakinta ba ya rabuwa da kuhva, goron da ke rina haƙora ja. Su biyun suke raba shayin rana, su kuma raba gulmar ofis.

A farkon daminar wannan shekara ne ƙofar bayan gida ta fara ƙin rufuwa. Zami ta ɗauka katako ne ya sha ruwa ya kumbura. Bayan kwana uku ta ajiye ƙwai a kan teburin kicin, sai ta ga ya gangara da kansa ya faɗi ƙasa. Teburin nan shekara talatin yana wurin, ƙwai bai taɓa tafiya a kansa ba. Ta tsaya tana kallon ƙwanduwar a daɓe. Da ta zaga baya, ta tarar katangar dutsen da ke tare ƙasa ta tsage tun daga sama har ƙasa, ruwa mai launin shayi yana tsiyaya ta tsagar.

Zami ta san ma'anar wannan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ƙasa ta zafto wa gidan wata 'yar ajinsu, aka kwana biyu ana tono, kuma har yau ba ta manta layin akwatunan gawa a gaban coci ba.

Ta kira maƙwabcinsu Pu Kima, tsohon magini kuma dattijon ikilisiya. Ya zo da lema, ya daɗe a tsugune yana duba tsagar. Sannan ya koma gida ya kawo ɗan siririn gilashi, ya gicciye shi a kan tsagar, ya liƙe bakinsa biyu da siminti.

"'Yata, ki riƙa duba shi safe da yamma," in ji shi. "Muddin yana nan lafiya, tudun yana barci. Ranar da kika ga ya fashe, kada ki tsaya neman takalmi."

Da ta kai wa uwarta maganar, Pi Thangi tana zaune da masaƙarta ɗaure a ƙugu, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce gidan nan ya ga damina hamsin, mijinta ya tona ginshiƙansa har sai da ya taɓa dutse, kuma, kamar yadda Zabura ta ce, wanda yake tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi. Ta ƙara da cewa ita ba za ta je ta zama kaya a gidan wani ba, tana raɓe-raɓe kamar kazar da aka sayo jiya.

Daga nan tsoro ya samu wurin zama a cikin Zami. A ofis ta juya kujerarta ta fuskanci taga, idonta yana kan hadari. Da an fara yayyafi sai ta ciro waya ta kira gida, in uwarta ta yi jinkirin ɗauka, ta yi ta sake kira. Ta buga wasiƙar wani tsohon malamin makaranta da sunan wani mamaci, sai da shugabansu Pu Rema ya kira ta ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau. Sangi ta yi ta tsokanarta wai ko saurayi ta yi a ma'aikatar hasashen yanayi, tunda ta fi su sanin lokacin da ruwa zai sauko. Zami ta yi yaƙe kawai.

Abin da ya fi cin ranta shi ne kunya. Ita ce mai jagorantar addu'ar buɗewa a zumuntar mata, ita ce ke karanta wa marasa lafiya Zabura. Ta yaya za ta miƙe ta ce tana jin tsoron tudu? Ran Talata da aka ce mai buƙatar addu'a ta faɗa, wata ta ambaci jarrabawar 'yarta, wata ciwon sukarin mijinta. Zami ta buɗe baki ta rufe. Ana cikin waƙa aka kece da ruwa a kan kwanon cocin, Zami ta lallaɓa ta fice kafin a sa albarka. Ta gangara matakalan nan da gudu har tana zamewa, ta tarar da uwarta tana gyaran wake hankali kwance.

Mako biyu gilashin yana nan. Ran wata Alhamis da safe, bayan ruwan kwana uku ba ɗaukewa, ta zaga baya da bokitin abincin alade, sai ta ga ya rabu biyu, tsakanin ɓarayin yatsa zai shiga. Ta ajiye bokitin a hankali kamar mai tsoron kada tudun ya ji motsinta.

Ta san in ta faɗa wa uwarta gaskiya, amsar jiya za ta samu. Sai ta kira Sangi, ta zayyana mata komai a tsaye cikin ruwa. Karo na farko Sangi ba ta yi dariya ba. Ta ce su taho gidansu yanzu-yanzu, akwai ɗaki. Mahaifiyar Sangi ƙawar Pi Thangi ce tun suna 'yan mata, don haka Zami ta shiga ɗaki ta ce wa uwarta tsohuwar nan jikinta ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa kallon idon uwarta ta shirga mata ƙarya ba sai ranar. Pi Thangi ta sa hannu a ƙirji, ta ce a ɗauko mata mayafinta. Pu Kima ya samo maza biyu suka hau da ita, shi da iyalinsa ma ranar suka koma zauren coci, aka kuma kora aladen zuwa garken wani a saman titi.

Suna isa suka tarar da "mai jinya" zaune a baranda tana tauna kuhva tana sauraron rediyo. Ta yi wa ƙawarta maraba da murya garau. Pi Thangi ta dube ta, ta dubi 'yarta, ta gane.

"Ashe haka kika koya a zumuntar matan," in ji ta. Daga wannan ba ta ƙara ce wa Zami uffan ba.

Sai kuma ruwa ya ɗauke. Kwana tara rana tana fitowa, tudu ko gezau. Zami kan leƙa gidan bayan an tashi daga aiki, ta same shi tsaye yadda ta bar shi. Mutanen unguwa suka fara tambayarta cikin raha yaushe 'yan gudun hijira za su dawo. A gidan su Sangi, Pi Thangi ta bi ta bakin ƙawarta tana aika wa 'yarta saƙo, ko da suna zaune a tabarma ɗaya: a faɗa wa waccan ta miƙo gishiri, a faɗa wa waccan zanen da nake saƙawa yana can yana shan sanyi. Zami ta fara zargin kanta. Wataƙila dai ƙarancin bangaskiya ne, ta tozarta tsohuwa a banza. Har ta ƙudura ran Asabar za ta mayar da ita.

Ran Juma'a tun ƙarfe goma ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe biyu suna ofis, wayar Sangi ta yi ƙara. Zami ta ga fuskar ƙawarta ta canza, ta daina tauna.

"Inna ce," in ji Sangi. "Wai ta ɗan kishingiɗa, da ta farka ba ta ga innarki ba. Mai shagon ƙofar gida ya ce ya ga ta shiga tasi."

Zami ba ta san lokacin da ta bar ofis ba, ba jaka, ba lema, ba sallama da Pu Rema. Sangi ta biyo ta tana haki. Tasin da suka samu ya maƙale a cunkoso tun kafin kasuwa, suka sauka suka ci gaba da ƙafa. Wayar uwarta tana ta ringi ba a ɗauka. Zami tana so ta yi addu'a, amma duk ayoyin da ta haddace sun gudu, ba abin da ke fita daga bakinta sai "Ya Yesu, ya Yesu," daidai da takunta. Suna shan kwanar unguwa ta ji ƙararrawar cocinsu tana kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, alhali ba lokacin sujada ba ne. Maza suna wuce su da gudu ɗauke da shebur da diga. Sai wani wari ya doki hancinta, warin jar ƙasa da aka tona sabuwa. Ta ƙara sauri, Sangi na biye da ita.

Daga bakin titi ta leƙa. Matakalan sun ƙare a ta ashirin da wani abu, daga nan sai jar laka. Kicin ɗinsu da ɗakin uwarta babu su, rabin gidan da ya rage yana reto, labulen falo yana kaɗawa a fili.

Wata mata ce ta ja hannunta ta nuna mata rumfar mai shayi. Can ga Pi Thangi zaune a benci, jiƙe sharkaf, sandarta a ƙasa. Zami ta durƙusa ta kama ƙafafunta tana tattaɓa ta. Tsohuwar ba ta dube ta ba, idonta yana kan gangaren.

"Kima yana ciki," ta ce. "Ni na tura shi."

Daga baya aka ji yadda abin ya faru. Da tasi ya sauke ta, ta kama ƙarfen matakala za ta gangara, Pu Kima ya hango ta daga zauren coci ya zo ya tare ta. Ta kafe sai ta ɗauko masaƙarta. Da ya ga ba za ta ji ba, ya zaunar da ita a rumfar ya ce shi zai je ya kawo mata. Ko minti biyar bai yi da sauka ba tudun ya yi wata irin ƙara kamar an juye tifar duwatsu.

Awa uku ana tono cikin ruwa, ana tsayawa lokaci-lokaci a yi tsit a kasa kunne. Zami tana cikin layin masu miƙa bokitan laka har tafin hannunta ya sale. Duk sa'ad da ƙasa ta ɗan zubo daga sama, mutane su watse, su sake dawowa. Matar Pu Kima tana tsaye tsakiyar matan zumunta, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Gab da faɗuwar rana wani ya ɗaga hannu ya ce ya ji tari. An samu Pu Kima a ƙarƙashin ginshiƙin da ya faɗo ya tokare da tankin ruwa, ya bar masa ɗan wurin numfashi. Ƙugunsa ya karye, ƙafarsa ta dama kuma ba ta sake miƙewa daidai ba.

Wata biyu ya yi a asibiti. Pi Thangi ta sa Zami ta riƙa kai ta duk ran Laraba da Asabar, ta zauna a gefen gadonsa da kwanon miyar ganye a cinya. Shi ne ma yake tsokanarta, wai ya shiga kabari ya fito saboda zanen da ko kyau bai yi ba. Ita ba ta taɓa yin dariyar ba.

Yanzu suna haya a ɗaki biyu kusa da ofis, a hawa na biyu na wani ginin siminti. Maganar ƙaryar nan ba wanda ya sake tayar da ita, ba a ba da haƙuri ba, ba a kuma nema ba. Zami ta koma koyon waƙa, kuma a zumuntar mata ta taɓa miƙewa sau ɗaya ta ce a yi mata addu'a, domin har yanzu in hadari ya haɗu tsoro yakan kama ta. Mata uku suka same ta bayan an tashi suka ce su ma haka suke. Ɗaya daga cikinsu ta roƙe ta, in ba damuwa, ta zo ran Asabar ta duba mata wata tsaga da ta fito a bangon banɗakinsu. Zami ta ce za ta zo, ta kuma tambaye ta ko akwai tsoho a gidan.