Rifkatu da Yarinyar da Ta Goya a Guangzhou

Shekara uku ke nan da rasuwar ƙanwata Rifkatu. Ba ni na ƙirga ba. Ɗaya daga cikin yaran da ta riƙa ce ta kira ni a waya ta tuna min. Na ce to. Ta ce, "Kawu, iyakar abin da za ka ce ke nan?" Na ce me ya rage. Da muka ajiye waya na zauna a bakin shago har aka kira la'asar. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji komai ba, kuma haka nake tun ranar da aka binne ta. Mutane suna cewa zuciyata ta bushe. Wataƙila. Amma akwai magana guda tsakanina da ita da ban ƙarasa ba, shi ya sa na sa a rubuta min wannan, don ni ban yi makaranta ba.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a wani ƙauye kudu da Malumfashi. Gidanmu gidan masu zuwa coci ne. Ni na bar gida da wuri, na yi dako a Kano, na bi manyan motoci, na musulunta a hannun maigidan da ya riƙe ni. Ita ta zauna ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan. Ba mu taɓa gardamar addini ba. In na je gida da Kirsimeti sai ta miƙo min wuƙa ta ce ni zan yanka kazar, don in samu in ci. In ta zo Kano da azumi ba ta cin abinci a gabana.

Shekarar da ta biyo bayan komawar Hong Kong hannun China, maigidana ya fara tura ni Guangzhou sayen tocila da batir da takalman roba. Garin ba kamar yau yake ba. A unguwar Xiaobei mu baƙaƙen fata ana ƙirga mu da yatsu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai kai can ba, kasuwar baje kolin Pazhou da ake ta ambato yanzu ba a gina ta ba, filin jirgi kuma a cikin gari yake, jirgi ya wuce kamar zai kwashe rufin gida. Kalma uku na iya a yarensu: nihaw, lawban, meyo. Sannu, maigida, babu. Da su nake ciniki.

Ina can a tafiyata ta biyu saƙo ya iske ni cewa Rifkatu na zuwa. Turawan cocin da ke taimakon asibitinsu suna haɗa masu aikin sa kai su kai su gidajen marayu a ƙasashe daban-daban. Sun nemi ma'aikatan jinya, aka ba da sunanta. Mako uku za su yi. Tun daga Hong Kong aka ja musu kunne: ba wa'azi, ba rabon littafi, ba ɗaukar hoto. Wanki, ba da madara, canja wa yara tsumma. Ta ce min, "Yaya, da hannu ma ana yin bishara." Na ce ita ta sani.

Gidan marayun yana bayan gari, tafiyar awa ɗaya da rabi a bas. Na je ran Asabar na kai mata yaji da kilishi, don na san abincinsu ba zai karɓe ta ba. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Ɗaki dogo, gadajen ƙarfe a jere, jarirai kusan duk mata, an aske musu kai, riga iri ɗaya. Ba mai kuka. A garinmu jariri ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, mata uku ne ko huɗu a kan ɗakin gaba ɗaya. Sai a jingina kwalbar madara a bakin yaro, a tare ta da tsumma, a wuce gado na gaba. Yaran sun gane kuka ba ya kawo kowa, suka daina.

Na tarar da Rifkatu da goyo. Zaninta na atamfa, ta ɗaure da majanyi, yarinya a baya, tana wanke kwalabe.

Na ce, "Ke, daga zuwa har kin haihu?"

Ta juyo min da bayanta ta ce, "Talatu, ga kawunki. Kar fuskar ta ba ki tsoro, haka Allah ya yi shi."

Ran Talata ta fara ɗaukarta, sunan ya zauna, kamar yadda ake yi a gida. Yarinyar ba ta fi wata bakwai ba. Ƙeyarta ta baje saboda kwanciya, kuma ba ta ƙarasa kwalba. Rifkatu ta ce tun da ta goya ta take shanyewa tas.

A gabana babbar ma'aikaciyar ɗakin, wata dattijuwa gajeriya, ta tare ta, tafinta yana fassara mata. Ba da faɗa ba. Ta ce su ma suna goyo, ita da kanta ta goyi 'ya'yanta biyu. Amma a ɗakin nan ba a yi. Ta ce ke za ki tafi bayan mako uku, yarinya ta saba da baya, mu kuma ba mu da bayan da za mu ba ta. Rifkatu ta saurare ta har ta gama, ta ce a gaya mata ta gode, ta gyara majanyi ta ci gaba da wanki. Da ta rako ni bakin titi na ce, "Tsohuwar nan ta fi ki gaskiya."

Ta ce, "Na sani. To in mayar da ita gado in tsaya ina kallonta?"

Na ce ban ce ba.

A mako na biyu yarinyar ta fara kuka. Da an sauke ta sai ta sa ihu, ta miƙo hannu. Rifkatu tana murna, wai ta samu murya. 'Yan tawagarsu har addu'ar godiya suka yi a kai.

Ranar tafiyarsu na je da safe don in ɗaukar mata jaka. Ta kwance goyon, ta kwantar da yarinyar, ta rufa mata majanyin. Kukan ya biyo mu har ƙofar gida, har bakin titi. Rifkatu ba ta waiwaya ba har muka isa filin jirgi. A can ta ce, "In ka dawo sayen kaya ka je ka dubo min ita." Na ce yaya zan gane ta a cikinsu. Ta ce, "Za ka gane ta. Ita kaɗai ke kuka."

Bayan wata shida na koma. Na ɗauki tafinta daga kasuwa muka je. A ƙofa aka tambaye ni sunan yarinyar da nake nema. Na ce Talatu. Suka kalli juna. Meyo. A nan na gane abin da muka yi. Kowane yaro a gidan yana da sunansa na China da lamba, an rubuta a takarda an manna a jikin gadonsa. Mako uku Rifkatu tana wuce takardar nan safe da yamma, ita da ta yi karatu, ba ta taɓa sa an karanta mata ba, ba ta kwafa ba. Ni ma bai zo min a rai ba. Mun raɗa mata namu suna, muka ɗauka ta samu suna.

Dattijuwar ta bar aiki. An sauya wa gadaje wuri, an kawo sababbin yara. Wata ma'aikaciya ta tausaya min ta zagaya da ni. Na bi gado-gado ina leƙa fuskoki, duk kai a aske, duk ido a sama. Na duba ko zan ga majanyin, babu. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na saurara, na daɗe. Ba mai kuka. Ma'aikaciyar ta ce a cikin wata shida yaro yakan tafi ta hanya uku: Turawa su karɓe shi, ko a mayar da shi wani gida, ko ya mutu. Ba ta faɗi ta huɗun ba, amma na san ta. Mai yiwuwa yarinyar tana cikin waɗanda na kalla, ta dai daina.

Da na dawo Najeriya na je na same ta a asibiti. Ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "Na je. Ba mai kuka a ɗakin." Ta ce, "To." Ta koma kan aikinta. Daga baya ta rubuta wa Turawan tawagarsu. Suka amsa mata da kalmomi masu daɗi, amma su ma da Talatu suka san yarinyar. Na sake komawa sau biyu a shekarun da suka biyo, ba don ina sa rai ba. A zuwa na ƙarshe na tarar an tashi gidan, ana haƙa harsashin wani dogon bene.

An sake gayyatarta irin wannan tafiya zuwa wasu ƙasashe, ta ƙi. Ba ta taɓa kushe aikin ba, masu tafiya ma takan haɗa musu kaya. Ita dai ba ta ƙara zuwa ba. A asibitinsu kuwa, in mace ta mutu wajen haihuwa kuma dangi suka kasa, Rifkatu ke ɗaukar jaririn. Kafin ta ɗora shi a baya sai ta rubuta sunansa da na uwarsa da na ƙauyensu a bangon Littafinta Mai Tsarki. Kuma in ta ɗauka ba ta saukewa. Ba ta haifi nata ba. Huɗu ta riƙa har suka girma, biyu sun yi aure a hannunta.

Yanzu nakan gani a waya, matasa na coci da na masallaci suna zuwa gidajen marayu, a nan gida da ƙasashen waje, sanye da riga iri ɗaya. A ɗauki yaro, a yi hoto, a ajiye. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ba za ta hana su ba, na san ta. Za ta ja ɗaya gefe ta ce, sunansa wa? Wa zai ɗauke shi jibi? Guangzhou ma da za ta gan ta yau ba za ta gane ta ba. Masu zuwa suna ce min a Xiaobei Hausa kake ji kamar a Kantin Kwari, ga 'yan Kano ga 'yan Maraɗi, ga tuwo da miyar kuka. Akwai yaranmu da ke jin yaren China suna kuma karanta shi. Da a lokacin akwai ɗaya, da minti biyu ya ishe shi ya karanta mana takardar nan. An ce gidajen marayun can sun canja sosai. Ban je na gani ba, na daina tafiya. Yarinyar, in tana raye, ta zama babbar mace a wata ƙasa da wani suna, ba ta san an taɓa ɗaure ta da atamfa ba.

Abin da ya rage na Rifkatu ba shi da yawa. Mutum huɗu da suka san sunan iyayensu mata da ƙauyukansu. Littafin nan, yana hannun babbar. Sai tambaya guda da ta bar min.

Ciwo ya kwantar da ita wata huɗu. Wata rana da hantsi an fito da ita tsakar gida, ina zaune a gefen tabarmarta. Shekaru ba ta ambaci yarinyar ba. Sai ta ce, "Yaya, da na bar ta a gadon, da ya fi mata?" Na gane wa take nufi. Na ce, "Sha maganinki." Ta karɓa ta sha. Bayan kwana tara ta rasu.

Har yau ban san ko ta taimaki yarinyar nan ko ta cuce ta ba. Dattijuwar tana da gaskiya, ban canja magana ba. Amma ni ma na yi shekarun da in na yi kuka ba mai zuwa, na san yadda ake dainawa. Da ni ne a gadon nan aka ce in zaɓa, da na karɓi mako ukun, har da kukan da ya biyo baya. Abin da ya kamata in gaya mata ke nan ran nan a tsakar gida. Magani na miƙa mata.