Gemun da Wuta Ba Ta Taɓa Ba

A bakin kasuwar Samarkand, Mavluda tana jiran tsirenta, idonta na kan tsohon da ke gasawa. Farin gemunsa ya sauko har ƙirji, yana lilo bisa garwashi. Kitsen wutsiyar rago na ɗiga, wuta na yunƙurin tashi. Kafin wutar ta miƙe ya janye tsinken gefe, ya watsa mata gishiri, ta kwanta. Wataƙila ubansa ne ya koya masa, wataƙila kuma wani tabon ƙuna da ke hannunsa ne.

Wani direba ya ce, "Baba, fifita wutar mana, sauri nake!"

Tsohon ya shafa gemu. "Ɗana, shekara arba'in gemun nan yana kan wuta, ko gashi ɗaya bai babbake ba. Ba don saurinka zan fara yau ba."