Lemon Mahaifin Afrakoma

Afrakoma marubuciya ce a Kumasi, ba ta da ubangida. Wanda ya biya, shi take rubuta wa. Ƙawayenta suka dame ta da ta buɗe shafi a intanet, wai a nan masu ba da aiki ke ganin gwanintar mutum. Ta buɗe, ko kare bai leƙa ba, sai ranar da ta saka yabon da ta rubuta wa mahaifinta lokacin jana'izarsa. Ta ce wa ranta don tunawa da shi ne, amma ba ta manta da rubuta lambar wayarta a ƙasa ba.

Washegari Kwarteng, wani dillalin kokon da ake yin cakulan da shi, ya kira.

"'Yata, yayana ya rasu. Irin na babanki sak nake so, har wurin da yake ɓare miki lemo."

"Kawu, shi ma yana ɓare muku?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan marowacin? Ke dai canza suna."

Ta canza sunan. Yau aiki har ya yi mata yawa, mamatan Kumasi duk sun iya ɓare lemo, ita kuwa ko ƙanshinsa ta ji sai ta tofar da yawu.