Kalilu, Ɗan Gidan Masu Ruwa

Har yau in na tuna Kalilu sai jikina ya yi sanyi. Tela ne, shagonsa na jikin nawa a Birnin Kebbi, amma asalinsa ɗan Argungu ne, daga babban gidan masunta, irin gidan da ake cewa ruwa ba ya cin 'ya'yansu. Tun yana rarrafe kawunsa ya ɗauko shi riƙo, a nan unguwar Gesse ya tashi, inda ruwan da ya sani bai wuce na bokiti ba.

Sunan gidan nan kuwa ya yi masa rana, wallahi har haushi nake ji. Masu kifi sukan aiko masa da tarwaɗa kyauta. Mai fito ba ya karɓar ko sisinsa. Da ya je neman auren Ɗayyaba, jin sunan kakansa kawai ya sa aka ba shi. In muka tsokane shi da cewa ya koya mana iyo, sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bari sai ruwa ya ja baya." Mu kuma sakarkaru mu kwashe da dariya.

Damanar da gulbi ya cika ya batse, ya tafi sunan ɗan ƙanensa a wani ƙauye hayin Augie, na raka shi har mashaya na tsaya jiran jirgi na biyu. Suna tsakiyar ruwa jirginsu ya kife. Innalillahi! Kafin ka ce kwabo, samarin gidansu sun faɗa ruwa da gorunansu na iyo. Suka fiddo mata, suka fiddo tsoho mai buhun albasa, har akuya sai da aka ciro. Ina kallo da idona wani ɗan baffansa, Tamba, ya gifta ta gabansa, Kalilu na ɗaga hannu, Tamba ya ce masa, "Yaya, kama na bayanka!" ya wuce.

Da aka taru a gaɓa na ce ina Kalilu? Tamba na matse riga ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Ɗan gidanmu na. Yana can ƙasa yana lalube ko da sauran wani." Ni ma na yarda. Muka zauna muna jiransa, har ana raha wai telan birni zai nuna mana jini ba ya ɓuya.

Can sai ga Ɗayyaba a kan babur, labari ya iske ta. Ta duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya fiddo maigidana?"

Tamba ya yi dariya. "Haba matarmu, mi za a fiddo? Kalilu hwa?"

Ta ɗora hannu biyu a ka, ta ƙwalla ƙarar da ban taɓa jin irinta ba.

"Bai iya ruwa ba! Wallahi bai iya ba! Kunyarku yake ji!"

Rigar da ke hannun Tamba ta faɗi cikin taɓo. Sai washegari suka same shi, saƙale a saiwar wata bishiya, ƙasa kaɗan da mashayar.