Kwana Uku da Aka Ba Mamu Mastan

Shekara arba'in da ɗaya Mastan Gani ya yi a gindin tukunyar miyar kan kifi, a wani shagon shinkafa da ke bayan masallacin Kapitan Keling a George Town, kuma ba a taɓa ganinsa da ma'auni ba. Yana ɗan sha biyar jirgin ruwa ya sauke shi a tsibirin Pinang daga ƙauyensu na Tamilawa a Indiya. Ya yi wankin kwano, ya yi niƙan barkono, kafin tsohon mai shagon ya miƙa masa ludayi. Da furfura ta zo sai sunan ya ɓace, kowa ya koma ce masa Mamu, wato kawu.

Aikin nasa a harshe yake. Tsamiya ba ta zuwa iri ɗaya, buhun wannan watan ya yi kaifi, na wancan ya yi lami. Kwakwa ma haka, wata mai maiƙo, wata ruwa zalla. Dole mai dafawa ya ɗanɗana sau uku kafin kifi ya shiga, ya ƙara nan, ya rage can. Abin da aka ajiye shi dominsa ke nan.

To, sai ƙari ya fito masa a maƙogwaro. Aka yi ta gasa wurin da na'ura a asibiti har wata biyu. Ƙarin ya tafi, ɗanɗano ya bi shi. Duk abin da ya kai baki sai ya ji kamar jiƙaƙƙen tsumma yake taunawa. Likita ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Mamu bai faɗa wa kowa ba. Ya koma bakin tukunya yana girki da tunani, yana kai ludayi baki don idon mutane, sannan ya leƙo yana karanta fuskar tsofaffin masu ciniki.

Sati shida asirinsa a rufe, har ranar da aka kawo sabon buhun tsamiya. Muniandy, mai keken da ke yawo da baƙi, wanda bai taɓa fashin cin abinci a shagon ba, ya kai loma ɗaya ya runtse ido.

“Mamu! Wa ya taɓa ka yau? Wannan miya ai ta fi bakin surukata tsami!”

Shago ya ɗauki dariya. Rafik, ɗan marigayi mai shagon wanda yanzu komai ke hannunsa, bai yi dariya ba. Da ciniki ya lafa ya ja Mamu gefe.

“Ka huta kwana uku, Mamu. Mutane na hawa jirgin sama su zo su ci garin nan, kai kana cikinsa ba ka taɓa zaga shi ba.”

“Tukunyar fa?”

“Tukunya ba ƙafa gare ta ba.”

Bai taɓa yin hutu ba in ba na Salla ba, ya kuma gane irin wannan hutun. Ya ƙudura a ransa cewa zai bi garin yana cin duk abin da ya fi ƙarfi. In harshen ya motsa ko da kaɗan ne, ya koma bakin aikinsa. In bai motsa ba, shi ke nan.

Ranar farko ya hau bas ya haye dutse zuwa Balik Pulau, wurin Kak Esah, wato Yaya Esah, Bamalayiya mai sayar da laksa, wato taliya cikin romon kifi mai tsami. Sun daɗe da sanin juna a kasuwar kifi.

“Yau wace rana! Sarkin miya da kansa? Ko leƙen asiri aka turo ka?”

“Yunwa ce ta turo ni, Kak.”

Ta ajiye masa kwano ta juya wurin wasu baƙi. Ya ci a hankali, yana riƙe romon a baki yana jira. Zafi kawai yake ji. Da ta dawo ya ce, “Hannunki na nan yadda na san shi.”

Ta dubi kwanon, ta dubi cokalin da ke hannunta, cike da baƙin kwaɗon jatan lande da ake zubawa a kai. Mantawa ta yi, shi ta dawo kawowa. A tsibirin nan ko mahaukaci ba zai yabi laksa babu shi ba, balle mai girki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zuba a ragowar romon ta koma bakin murhu. Da zai tafi ta ƙi barinsa ya taɓa aljihu, ta kuma daina tsokanarsa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Rana ta biyu ya shiga unguwar Indiyawa, ya ci lemun tsami da aka tsuma a gishiri, ya tauna ɗanyen barkono har hawaye suka zubo. Raɗaɗi ne, ba ɗanɗano ba, ya san bambancin. Daga nan ya gangara bakin teku inda gidajen Sinawa ke tsaye a kan turaku, wurin tsoho Teoh mai dafa ruwan saiwoyi, wanda ake kira Apek, wato dattijo. Akwai wani baƙi ƙirin da ƙarti ke toshe hanci kafin su haɗiye. Mamu ya shanye kofi guda, ya miƙa a ƙara.

Teoh ya riƙe butar bai zuba ba. “Kai, Mamu, ko dai ka mutu ne ba a gaya maka ba?”

A nan ya faɗa, karo na farko. Teoh ya sa shi ya fito da harshe, ya duba, ya taɓa jijiyar hannunsa, ya girgiza kai.

“Da maganin zafin ciki kake nema da na ba ka. Wannan ya fi ƙarfin butata. Yaron nan Rafik ya sani?”

“Gobe zai sani.”

“Wawa. Ka yi shiru mana, ka ci gaba da girkinka. Wa ya rage a garin nan da ya san ɗanɗano? Duk masu ɗaukar hoto ne.”

“Ni na sani, Apek.”

Rana ta uku ya bi baƙi a baya yana zaga tsofaffin gidaje da ɗakunan bauta, ba don yana ganin komai ba, sai don azahar ta yi. Ya yi salla, ya nufi shago. A hanya yana tunanin yadda zai tarar da wurin: kujeru babu kowa, Rafik ya yi zuru-zuru. Ya ji kunyar wannan tunani, amma ya yi shi.

Layi ya tarar har kan titi. Ya bi layin kamar kowa, aka zuba masa shinkafa, aka malala mata miya kala uku. Ko da ido ya gane aikin: mai bai rabu ya taso ba, kuɓewa ta dahu ta saki jiki. A teburin gefe wasu baƙi na suɗe faranti suna yabawa. Ya duba kujerar Muniandy, wani ne daban a kai.

Ya shiga ɗakin girki. Sikeli ne a kan benci, da takarda manne a bango, an rubuta nauyin tsamiya, na gishiri, na barkono.

“Rafik, harshena ya mutu. Tun daga asibiti.”

“Na sani, Mamu. Tun satin farko na ga ka daina yamutsa fuska in ka ɗanɗana.” Ya nuna takardar. “Hannunka na bi ina aunawa. Kwana uku ke nan ba wanda ya yi ƙorafi.”

“Muniandy fa?”

“Muniandy faranti ɗaya ne.” Ya sassauta murya. “Ba korarka zan yi ba, Baba ba zai yafe mini ba. Baƙi suna tambayar tsohon mai girki. Zan sa maka kujera a bakin ƙofa, ka sa farar hula da zanin maza, ka riƙe ludayin. Ba wuta, ba hayaƙi. Maƙogwaronka ma ya huta.”

Mamu ya dubi tukunyar. Ba shi da gona a Indiya da zai koma, ɗakin da yake kwana ma a saman shagon yake.

“Ƙarfe nawa zan fito?”

Yana nan har yanzu a bakin ƙofa, daga hantsi zuwa la'asar. Ana dafa kafaɗarsa ana ɗaukar hoto. Kwanan baya wata mata da ta zo hutun kwana biyu daga Kuala Lumpur ta tsaya gabansa da farantinta, ta ce, “Mamu, da gaske ɗanɗanon nan bai canza ba shekara arba'in?”

Ya daɗe yana kallon miyar da ke kan shinkafarta.

“Je ki ci tun da zafi, 'yata.”