Allon Junga da Mazaunan Pidrin

Duk garin Santa Mariya da ke bakin teku babu wanda bai san Nho Junga kafinta ba, har waɗanda ba su nemi saninsa ba. Shekara arba'in yana yin ƙofofi da tagogi, shekara arba'in kuma wa'azinsa ɗaya ne: abin da ya miƙe na Allah ne, abin da ya karkace na malalata. Ko coci ya shiga, kafin ya durƙusa sai ya kanne ido ɗaya ya duba ko bencin ya miƙe.

Sai Allah ya jarrabe shi da 'ya, Lucha, wadda ba ta ga abin yi a duniya ba sai hawan igiyar teku a kan allo, ƙatuwar lema na jan ta da ƙarfin iska. Da safe tana gyaran gadaje a otal, iska na tasowa sai ta ɗaura lemar a ƙugu, ta taka allon aro, ta shige ruwa. Allon aron nan shi ya tsaya wa Junga a maƙoshi. 'Yar kafinta guda a kan allon baƙi, allon ma lanƙwasasshe kamar ayaba!

"Baba, ba kuskure ba ne," in ji ta. "Da gangan ake ɗaga masa hanci da wutsiya. In babu lanƙwasar nan ba ya juyuwa a cikin igiya."

"Da gangan! Haka duk wanda bai iya aiki ba yake cewa. Ba ni sati uku."

Ya samo katako marar nauyi, ya fere, ya goge, ya shafe da mai, ya kafa masa ƙananan fikafikai a ƙarƙashi. Allo ya fito sumul, shimfiɗaɗɗe kamar tebur. Shi da kansa ya ɗauke shi a ka har bakin tekun Ponta Preta, ta hanya mafi tsawo, don kowa ya gani.

A faɗi gaskiya, a kan ruwa kwance allon ya yi gudu kamar ɓarawon da aka yi wa ihu. Junga ya fara neman wanda zai yi wa alfahari. Sai ga igiya ta taso, ta fi gida tsawo. Lucha ta gangaro ta nemi ta karya kwana, allo kuwa ɗan tarbiyya ne, ubansa bai koya masa karkacewa ba. Ya kafa hanci a ruwa, ita kuma ta ci gaba da tafiya ita kaɗai har kan duwatsu. Ɗinki huɗu a haɓa.

Amininsa Pidrin masunci, mutumin da ba ya tashi sai ya ga ƙarshen kwano uku na kachupa, faten masara da wake, ya dafa kafaɗarsa. "Mutumina, ƙofar ta yi kyau. Sakata kawai ta rage."

Lucha ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi gasar 'yan gari ta baɗi da na aro za ta shiga. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Junga ya cire fikafikan, ya ɗora allon a kan bulo biyu a ƙofar shago, ya ce ya zama benci. Nan Pidrin ya samu wurin zama. Kullum yana zaune a tsakiyarsa suna buga dara da Junga, raɓar teku na jiƙa katakon da asuba, rana na gasa shi da azahar. Wata tara.

Ran nan Lucha ta zo wucewa, sai ta ja birki, ta tsuguna, ta kanne ido ɗaya irin na ubanta.

"Kawu Pidrin, ɗan tashi."

"Ke 'yar nan, ina dab da cinye babanki!"

"Tashi dai, ai kullum kana cinye shi."

Da ya miƙe, sai ga tsakiyar allo ya lotsa, hanci da wutsiya sun ɗaga. Junga ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa. Aikin hannunsa, karkatacce, a bakin titi!

"Kawo in miƙar da shi kafin wani ya gani."

"Ka taɓa shi, Baba, ni da allon aro har abada. Mayar masa da fikafikansa kawai."

Ya dubi ma'auninsa, ya dubi tabon da ke haɓarta. Ya ɗauko fikafikan yana gunaguni.

Ranar gasa allon ya riƙa juyawa a ƙarƙashin igiya kamar an haife shi a can. Lucha ta zo ta biyu. Mai lasifika ya tambaye ta wa ya tsara wannan lanƙwasa, ta nuna babanta. Jama'a suka juyo. Junga ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Da gangan na yi."

"Haka duk wanda bai iya aiki ba yake cewa," in ji Pidrin daga bayansa, da ƙarfi yadda har alƙalai suka ji.

Washegari Junga ya auna lotsawar, yatsa uku da rabi, ya rubuta a bango. Yanzu alluna huɗu ne jere kan bulo a ƙofar shagon. Pidrin kuma in ya ce ya ƙoshi a kwano na biyu, sai Junga ya tura masa na uku.

"Ci, kar ka ɓata min ma'auni."